Gambar da Na Dasa a Gonar Gandu

Ban taɓa yin aikin da ya ci mani rai kamar shugabancin kwamitin gyaran ƙasa na ƙauyenmu ba. Na yi dako a tasha, na yi haƙar rijiya, na yi yankan ciyawa ina kaiwa kasuwa. Waɗannan jiki suke ci, ka kwanta ka tashi ya warware. Wannan kuwa da mutane ake yin shi, mutanen garinku, waɗanda kuke haɗa kafaɗa a sahu sau biyar a yini.

Ban nema ba. Mutanen wani shiri ne suka zo da mota daga birni, suka zauna ƙofar gidan mai unguwa, suka ce kowane ƙauye ya fitar da mutum guda da zai riƙa tara jama'a aikin tare zaizaya da dashen itace. Kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa. Sai wani daga baya ya ce ai ni na yi firamare har aji huɗu, kuma ba na zuwa ci-rani. Shi ke nan. Aka miƙo mani hula mai tambari da littafin rubuta sunayen waɗanda suka fito aiki. Tun daga ranar sunan da ubana ya raɗa mani ya ɓace a garin, na koma Ciyaman. In ana so a ci mani fuska a ce Ciyaman ɗin kwazazzabo.

Ƙauyen namu yana can gefen Rimaye, in damina ta zauna babur ma sai da dabara yake shiga. Kwazazzabon da ake mani suna da shi kuwa, ina yaro 'yar hanyar ruwa ce da muke tsallakewa da gudu. Sama da gonaki akwai fako, ƙasa ta mutu ta yi tauri, ko ɗigon ruwa ba ta sha. Ga burtali da masu gona suka yi ta matsewa, kowa ya ƙara kunya ɗaya kowace shekara, har shanu suka koma bin layi guda suna daddaɓe shi. In aka yi ruwa sai ya taru a fakon, ya bi burtali, ya faɗo cikin gonaki da ƙarfi. Yanzu in mutum ya tsaya cikin ramin, ko hannu ya ɗaga ba a hango shi.

Kuma bakinsa a ƙasan gonarmu yake. Gonar gandu ce da mahaifinmu ya bari. 'Yan'uwanmu mata tuni aka fitar masu da nasu a wata gona ta bakin hanya, wannan ta zama tamu mu biyu, ni da yayana. Ba mu raba ba. Shi ne babba, shi ke cewa a shuka kaza a nan, shi ke buɗe rumbu, matanmu suna girki tukunya ɗaya. Shekara da shekaru haka muke. Kowace damina ramin nan sai ya gutsiri kunya biyu ko uku daga ƙasan gonar. Abin da ya sa na karɓi hular ke nan. Ba son gari ba ne, kar in yi ƙarya. Gonarmu nake so ta tsira.

Gayyar farko an cika, don an ji baƙi za su zo ɗaukar hoto. Har waɗanda rabonsu da riƙe shebur tun suna samari sun fito, sun tsaya gaba. Muka jera buhunan yashi da duwatsu a bakin ramin. Gayya ta biyu mu shida ne. Ta uku ni da wani kurma, shi ma ina jin bai san an daina zuwa ba ne. Ruwan farko ya kwashe buhunan gaba ɗaya, har aka tsinci wasu a gonakin mutanen Tafashiya. Wata guda ana mani dariya a dandali.

Akwai malamin gona da shirin ya haɗa ni da shi. Mutum ne mai ji da kansa, ba ya zama a tabarma sai an kawo mashi kujera, amma ya san aikinsa, wannan ba zan hana mashi ba. Ya zo ya duba inda buhunan suke da, ya ce:

"Ciyaman, ba a tare ruwa a inda ya riga ya yi ƙarfi. A sama ake karya shi."

Ya goya ni a babur muka tafi wajen Kaikai, ya nuna mani wata gona a gangare. An dasa gamba layi-layi a gicciye, kowane layi ya lanƙwashe yana bin daidaiton ƙasa. Na durƙusa na tura hannu a bayan layi ɗaya. Ƙasa ce mai laushi ta taru, baƙa, wadda ruwa ya ɗauko ya ajiye da ya rasa hanyar wucewa. Dawar wurin ta fi ta ko'ina kauri. Na gani da idona, ba labari aka ba ni ba.

Na dawo na sa aka yi shela, aka taru ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar. Na faɗa masu abin da na gani. Ban rufe baki ba wani dattijo mai gona kusa da tamu ya ce:

"Mi ka ce? Gamba? Tsakiyar gonata?"

Na ce, "Layi uku ko huɗu, Baba, a gicciye."

"Mutuwa na yi, da za a raba mani gona ina zaune?"

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Ciyaman shina so ya zama alƙali, a ba shi rawani." Wani ya ce a'a, mutanen birni ne suka turo ni in shata masu filaye, in an jima a ga sun zo da takarda.

Ba wauta ce ta sa su faɗi haka ba. A wurinmu gamba iyaka ce. Ba mu da takarda, ba mu da ginshiƙin siminti. Inda ka ga layin gamba, gonar wani ta ƙare ta wani ta fara. In ka wayi gari ka ga sabon layi ya ratsa tsohuwar gona, ba sai ka tambayi kowa ba. Ko mai ita ya rasu an raba, ko ya sayar da rabi, ko 'yan'uwa sun ɓata. Yaro ma da ke kiwon awaki ya san wannan. Ni ma na sani. A kan wannan aka haife ni.

Na yi ta bayani, na ce wannan ba ta iyaka ba ce, ta ruwa ce. Dattijon nan ya miƙe yana kakkaɓe riga ya ce:

"To, gamba ta san bambanci? In na mutu ita za ta tashi ta gaya wa 'ya'yana ta ruwa ce? Kai ba ka da gona? Fara da taku mu gani."

Yaya yana wurin, yana jingine da bango yana cin goro. Muka koma gida tare, muka ci tuwo kwano ɗaya, bai ɗauko zancen ba, ni ma ban ɗauko ba. Na san in na tambaye shi zai ce a'a, in kuwa ya ce a'a magana ta mutu. Sai na ce a raina bari in yi, in ya ga ƙasa ta taru a bayan layin zai huce. Wannan shi ne kuskurena, kuma ba na ɗora wa kowa shi. Sauran abin da ya biyo baya ne nake ɗora wa mutanen gari.

Ranar kasuwar Kankiya Yaya ya kama akuya ya tafi tun da sassafe. Gero ya fara rufe ƙasa lokacin, ruwa ya zauna, daidai dashe. Malamin gona ya zo da wani dogon tiyo mai ruwa a ciki, an ɗaure kowane baki a jikin sanda. Shi ya riƙe sanda ɗaya, ni ɗaya, inda ruwan ya tsaya daidai a duka biyun nan ƙasa ta yi daidai, sai mu kafa turke. Muka bi gonar daga wannan gefe zuwa wancan, muka ja igiya a kan turakun. Layin bai miƙe ba. A tsakiya akwai ɗan kwari inda ruwa ke bi, sai layin ya yi ciki kamar baka, ya hau sama sannan ya dawo. Na saro gamba da saiwarta daga tsohuwar iyakarmu ta gabas, na yayyaga, na dasa tushe kusa da tushe. Layi ɗaya muka samu gamawa kafin azahar, na tsakiya. Muka ce sauran sai wani sati.

Yanzu ku duba abin da mai wucewa ya gani. Ƙane a cikin gonar gado, wansa ba ya gari, ga baƙo mai takalmi sau-ciki, ga igiya, ga turaku, ga sabuwar gamba ta raba gona biyu. Ko ni na gani a gonar wani abin da zan ce ke nan. Mata masu tallar nono suka wuce, suka tsaya suka duba, suka wuce. Kafin Yaya ya sayar da akuyarsa labari ya same shi a cikin kasuwa.

Bai biya gida ba. Ina wanke hannu a bakin gona na hango shi tafe, igiyar akuya a hannu. Ya bi layin da ƙafa tun daga farko har ƙarshe, a hankali, kamar mai neman abin da ya yar. Sannan ya zo ya tsaya gabana.

"Sannu da aiki."

Na ce, "Yaya, tsaya in yi maka bayani."

"Wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu. Ta ruwa ce, ka ji na faɗa a taro."

"Na ji ka faɗa wa gari. Ni ka faɗa mani? Jiya da muka sa hannu kwano ɗaya bakinka ciwo shike?"

Ya ci gaba:

"A kasuwa, gaban mutanen Kusada, gaban surukina, wani ya dafa ni ya ce ashe kun raba, Allah shi sa alheri. Ni ina riƙe da akuya kamar wawa. Shekara nawa ina riƙe da gidan ga? Wa ya yi maka aure? Ko dami ɗaya na taɓa ɓoye maka?"

"Ba ka taɓa ba."

"To sai da aka ba ka hula ka ga na yi maka kaɗan."

Na ce in ya ga dama yanzu-yanzu in tumɓuke. Wallahi na faɗa, har na sunkuya. Ya taka mani hannu da gefen takalmi, ba da ƙarfi ba, ya ce:

"Bar ta. An riga an gani."

Washegarin ranar ya kai magana wurin mai unguwa da liman, ya ce a zo a raba. Liman ya ce a yi haƙuri a bari sai kaka, ba a raba gona da shuka a cikinta. Yaya ya ce, "Allah gafarta Malam, shi ya jira kaka?" Mai unguwa, wanda a ƙofar gidansa aka ɗora mani wannan kaya, wanda ya san komai tun daga farko, ya buɗe baki ya ce shi dai bai aiki kowa gonar kowa ba. Na dube shi na ce, "Ranka shi daɗe, ba kai ka ce in karɓa ba?" Ya ce karɓar hula daban, shiga gonar gado da igiya daban.

Na kira malamin gona a waya na ce ya zo ya yi masu bayani da bakinsa. Ya zo, da ma bai zo ba. Ya buɗe wata babbar takarda a gaban dattawa, an zana gangaren garinmu duka, an ja layuka sun ratsa gonar kowa. Yana nunawa da biro yana cewa nan ma za a yi, nan ma za a yi. Dattijon nan maƙwabcinmu ya leƙa ya ce, "Wanga layi ina ne?" Ya ce gonarka ce, Baba. Wurin ya kaure. Da ƙyar aka raka shi ya hau babur ɗinsa. Daga ranar babu wanda ya ƙara amsa mani sallama da sakin fuska in ina ɗauke da littafin nan.

Aka sa rana aka fita gonar, liman da mai unguwa da dattawa uku. Aka auna da igiya. Abin haushi, layin nawa ya faɗo kusan rabi daidai. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Ka ga, kuma ya ce wai ba rabo ya yi ba." Yaya ya ce tunda ni na shata, shi zai zaɓa. Babu wanda ya musa, ni ma ban musa ba. Ya ɗauki sama. Aka bar mani ƙasa, da bakin ramin a cikin rabona.

Har nan da na haƙura. Na ce ko ba komai layin yana nan, zai rage wa ruwa ƙarfi. Sai Yaya ya nuna tsakiya, inda gambar ta yi ciki ta hau sama, ya ce:

"Wannan fa? Ya shigo mani."

Dattawa suka duba suka ce gaskiya ne, iyaka ba ta tafiya kamar maciji, rigima take jawowa ga 'ya'ya. A miƙe ta.

Na ce, "Don Allah kar ku miƙe ta. In kuka miƙe ta tsakiyar za ta faɗa cikin kwari, ruwa duk zai taru a nan ya fasa."

Mai unguwa ya ce, "Ciyaman, yau ba aikin kwamiti muke ba."

Aka ja igiya daga turken farko zuwa na ƙarshe, ta miƙe sak. A gabana aka tumɓuke gambar tsakiya aka sake dasa ta a bin igiyar. Liman ya yi addu'a, aka shafa. Na shafa ni ma, don ban san me zan yi da hannuwana ba.

A satin nan aka kafa zana a tsakar gidanmu. Aka auna abin da ya rage a rumbu aka raba. Matata da matar Yaya, waɗanda suka yi shekaru suna daka turmi ɗaya, suka koma gaisawa ta kan zana, su ma in ba ya nan. In muka haɗu da Yaya a zaure in gaishe shi, ya amsa yana duban wani wuri.

Na koma wurinsa sau ɗaya, na ajiye girman kai. Na ce ya bar ni in ja layi biyu a rabonsa na sama, ƙasarsa ce ma za ta ƙaru. Ya ce, "Ka raba ni da kai, yanzu kuma 'ya'yana kake so ka raba?" Na juyo.

Ruwan da nake tsoro ya zo gero yana fitar da kai. Da rana tsaka aka yi shi, hadari ya taso daga gabas bayan azahar, ya zuba kamar ana juye randa. Ban jira ya ɗauke ba, na yafa buhu na fita. Na tarar da abin da na faɗa masu. Ruwa ya gangaro ta gonar Yaya, ya bugi layin, ya bi shi daga hagu da dama ya taru a tsakiya. Gambar ba ta gama kama ƙasa ba. Ina tsaye ya ɓalle ta, ya yi hanya ɗaya jajir ta cikin gerona, ya miƙe zuwa ramin. Da can a warwatse yake sauka. Yanzu an tara mashi ƙarfinsa wuri guda an nuna mashi ƙofa.

Bakin ramin ya fara tsagewa. Ba ya faɗuwa da ƙara, sai dai ka ga ƙasa ta ɗan sunkuya da geron a kanta tsaye, sannan ta zauna cikin ruwa. Na ƙirga kunya bakwai, daga nan na daina ƙirgawa.

Da ruwa ya tsagaita mutane suka fito kallo, kamar yadda suka saba. Suka jeru a kan burtali. Na ji wani yana cewa, "Ashe gambar Ciyaman ba ta sha ruwa." Wani ya ce Allah ya so su da ba su yarda ba, ga abin da take yi wa gona. Wannan ita ta fi ƙona mani rai. Su suka miƙe layin da hannunsu, kuma su ne shaidun cewa ba ya aiki. Yaya yana can sama gindin gawonsa, hannu a baya. Ya duba inda ruwa ya fasa, ya duba ni. Na ɗauka zai sauko. Ya juya ya bi hanyar gida.

Kafin magariba malamin gona ya kira. Wai manya za su zo zagaye jibi, in tara mutane, a zo da shebur da kwanduna, in sa hulata. Na ce mashi ya zo ya tara su da kansa, ya taho da takardarsa mai layuka, za su yi murnar ganinsa. Ya ce, "Haba Ciyaman, mene ne na zafi?" Na kashe wayar. Matata ta kawo tuwo, na ci loma biyu na ture. Ta ce, "Malam, abin da ya rage zai kai mu ina?" Na ce ban sani ba.

Da na idar da sallar asuba na ɗauki diga da igiya na tafi gona. Na sauka cikin ramin na jawo karan geron da bai nutse cikin laka ba, na ɗaure dami biyu don awaki. Na hau na tsaya a sabon bakin, na taka ƙasa na ji inda take motsi. Na ja da baya taki goma, zuwa inda ta yi ƙarfi, na kafa turke. Abin da ke tsakanin turken da ramin na bar wa ramin, da geron da ke kai. Ba ni da mai riƙe mani ɗaya sandar, sai na bi sawun da ruwa ya bari a ƙasa, inda ya kwantar da ciyayi da yashi, na gane tudu na gane kwari. Na saro gamba daga iyakar gabas na fara dasawa a gicciye, a tsakiyar rabona, layin yana lanƙwasa yadda ƙasa ta lanƙwasa. Dattijon nan maƙwabcinmu ya zo wucewa da fartanya a kafaɗa, ya tsaya ya ce, "Yau kuma da wa ake rabawa?" Ban ɗago ba. Na yaga wani tushen na tura cikin ƙasa na danne da diddige.